Darasin Kasuwanci: Kiwon Kifin Teku da Murjani Cikin Akwatin Gilashi

LAFIYA, Jihar Nasarawa — Daga cikin ƙananan sana'o'in da suka bunƙasa a manyan biranen duniya tun daga shekarun 1970, akwai kiwon kifin teku da murjani mai rai a cikin akwatin gilashi, domin ƙawata gidaje da ofisoshi da otal-otal da ɗakunan jiran likita. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 ne ke da irin wannan akwati a duniya a lokacin, kuma cinikin halittun da ake zubawa a ciki yana kaiwa dalar Amurka miliyan 200 zuwa miliyan 330 a kowace shekara. Rahoton ya ce ana sayar da kifi miliyan 20 zuwa miliyan 24 a shekara, daga nau'o'i 1,471, tare da guntayen murjani miliyan 11 zuwa miliyan 12.

Abin da ya fi jan hankalin mai neman zuba jari a cikin rahoton shi ne bambancin farashi. A shekarar 2000, kilo ɗaya na kifin ado daga tsibiran Maldibs ya kai kimanin dala 500, alhali kilo ɗaya na kifin ci daga irin wannan ruwa bai wuce dala 6 ba. Haka kuma tan ɗaya na murjani mai rai ya kai dala 7,000, amma idan aka fasa shi domin yin farar ƙasa, dala 60 kawai yake kawowa.

Irin waɗannan alƙaluma sukan sa ɗan kasuwa ya yi zumuɗi. Saboda haka wannan darasi zai ɗauki misalin mai shago a unguwar Bukan Sidi, kan hanyar Jos a cikin garin Lafiya, wanda yake son ya kafa ƙaramin akwati mai cin lita 100, ko don ya ƙawata wurin kasuwancinsa, ko don ya fara sana'ar kafa wa wasu. Za a bi abubuwan da akwatin ke bukata ɗaya bayan ɗaya, a ga inda kuɗi ke shiga da inda suke zurarewa. Abin da lissafin zai nuna shi ne, mafi yawan jarin wannan sana'a yana tafiya ne wajen ruwa da lantarki, kuma wanda bai mallaki waɗannan biyu ba, kifin da ya saya asara ce da ya biya da kuɗin ƙasashen waje.

Murjanin da aka sani da wanda ake kiwo

Murjani ba baƙon kaya ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Sunansa ya zo a cikin Suratur Rahman, kuma fatake sun daɗe suna kawo shi daga Bahar Rum, ta Turabulus da Gadamas, zuwa Kano da Katsina. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Kano a shekarar 1824, ya lissafa duwatsun murjani cikin kayan da ya gani a kasuwar birnin. Wancan jan murjani da mata ke sarƙa da shi ƙashin wata halitta ce da ke zaune a wurare masu duhu a ƙarƙashin teku.

Wanda ake kiwo a akwati ɗan uwansa ne, amma rayuwarsu ta bambanta. Ko da yake ido na ganinsa kamar dutse ko tsiro, dabba ce: taron ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu kewaye da bakin, kuma nau'o'i da yawa daga cikinsu suna gina wa kansu ƙashi na farar ƙasa daga sinadaran da ke narke a ruwan teku. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da hasken rana tana samar musu da mafi yawan abincinsu. Wannan ne ya sa murjanin akwati ke bukatar haske mai ƙarfi na sa'o'i 8 zuwa 10 a kullum. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani yakan fitar da gansakukar, ya koma fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. A shekarar 1998 ɗumamar ruwan teku ta kashe kimanin kashi 16 cikin 100 na murjanin duniya ta wannan hanya. Abin da ya faru a teku cikin watanni, a ƙaramin akwati yana iya faruwa cikin kwana biyu.

Daga ina kaya ke fitowa?

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kimanin kilomita 850, amma ba ta da tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya ko na Indunusiya, domin kogin Neja da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka masu yawa, murjani kuwa yana son ruwan gishiri garai-garai. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, kifi da murjani da gishiri da na'urori, kusan dukkansu daga waje za su zo. Indunusiya da Filifin su ne manyan masu fitar da kifin ado na teku, sai ƙasashe irin su Siri Lanka da Maldibs, kuma a nahiyar Afirka ana fitar da shi daga Mombasa ta ƙasar Kenya.

Ana ɗaure kifin ne a cikin leda mai ruwa kaɗan da iskar oksijin, a jera a akwatunan soso, a ɗora a jirgin sama. Kuɗin dakon jirgi bisa nauyi ake biyansa, kuma mafi yawan nauyin ruwa ne, saboda haka sau da yawa dako yakan kai kuɗin kifin ko ya fi shi. Daga Jakarta zuwa Legas ko Abuja, tare da canjin jirgi da binciken kwastan, kaya sukan wuce kwana ɗaya a hanya. Daga Abuja kuma sai tafiyar kimanin sa'o'i uku a mota, ta Keffi da Akwanga, kafin a iso Lafiya. Kowace sa'a da aka ƙara, iskar leda na raguwa, dattin kifi na ƙaruwa. Dole mai sayo kaya ya sa mutuwar wani kaso a cikin lissafinsa tun daga farko, ya kuma raba kuɗin waɗanda suka mutu a kan waɗanda suka rayu.

Har ila yau akwai matsalar inganci. Tun daga shekarun 1960 wasu masunta a Filifin, daga baya kuma a Indunusiya, suka ɗauki al'adar fesa gubar sayanaid a cikin ramukan murjani domin kifi ya suma a kama shi da sauƙi. Ƙasashen biyu sun haramta wannan, amma bai ƙare ba. Kifin da aka kama da guba yakan iso da kyan gani, sa'an nan ya ƙi cin abinci ya mutu bayan 'yan makonni a hannun mai saye. Araha ba ta ado. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gona, ko da ya fi tsada, ya fi jure zaman akwati.

Daɗin daɗawa, da dala ake cinikin. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, ana sayar da dala a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya yi yarjejeniyar shekara da abokin ciniki a kan Naira, alhali yana sayen kayansa da dala, ya ɗauki haɗarin canji a kansa shi kaɗai.

Ruwa: gishirin Keana ba zai yi ba

Jihar Nasarawa tana da gishiri. Matan Keana da na Awe sun gaji sana'ar tace ƙasar gishiri da dafa ruwanta tun kaka da kakanni, kuma gishirinsu ya yi suna a kasuwannin yankin. Mai karatu zai iya tambaya ko ba za a narka shi a ruwa a sami ruwan teku ba. Amsar ita ce ba za a samu ba.

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri iri-iri. Kimanin kashi 85 cikin 100 ne kawai irin gishirin miya. Sauran sun haɗa da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam da sinadarin kabonet, kuma da kalsiyam da kabonet ne murjani ke gina ƙashinsa. Masu kiwo sukan riƙe kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, magniziyam kuma kusa da miligiram 1,300, sa'an nan ma'aunin tsami da ake kira pH ya tsaya tsakanin 8.1 da 8.4. Gishirin girki, ko na Keana ko na kanti, ba shi da waɗannan sinadarai a wannan ƙima. Wajibi ne a sayi haɗaɗɗen gishirin teku da kamfanoni ke yi, irin su Instant Ocean wanda aka fara sayarwa a Amurka cikin shekarun 1960. Samuwar irin wannan gishiri ce ta sa garuruwan da ke nesa da teku suka shiga sana'ar, kuma ita ce ta sa batun ya zama abin tattaunawa a Lafiya.

Ruwan da za a narka gishirin a ciki shi ma abin lura ne. Ruwan famfo yana da kulorin, ruwan rijiya da na burtsatse kuwa sukan ɗauko ƙarfe da sauran sinadaran ƙasa da na takin zamani, waɗanda ke haddasa gansakuka ta lulluɓe murjani. Don haka ana bukatar matatar ruwa irin wadda ake kira RO, wadda masu kamfanonin ruwan leda suka sani sarai. Ƙaramar matata ta gida takan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai tsarki.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a canja kashi 10 cikin 100 na ruwan a kowane mako. A akwati mai lita 100, wannan lita 10 ke nan a mako, wato lita 520 a shekara. Da yake kowace lita na cin kimanin giram 37 na haɗaɗɗen gishiri, za a bukaci kusan kilo 19 a shekara, ban da kusan kilo 4 na cikon farko.

Ƙaramin akwati ya fi babba wuya

Sabon shiga yakan ɗauka cewa farawa da ɗan ƙaramin akwati ita ce hanyar rage haɗari. Lissafi ya nuna akasin haka. Ruwa yana tashi ya bi iska, amma gishiri yana nan a ciki. Idan akwati mai lita 100 ya rasa lita 2, gishirinsa zai tashi daga giram 35 zuwa giram 35.7 a kowace lita, abin da halittu za su iya jurewa. Idan kuwa akwati mai lita 20 ne ya rasa lita 2 ɗin, gishirin zai kai kusan giram 39, kuma wannan ya isa ya jikkata murjani. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe, ruwa yakan tashi da sauri fiye da na damina. Dole ne a riƙa cike gurbin kullum da tataccen ruwa marar gishiri. Wanda ya cike da ruwan gishiri ya ƙara wa cutar ƙarfi.

Haka abin yake game da zafi da datti. Ɗan ruwa kaɗan yana ɗaukar zafi nan da nan, kuma kifi ɗaya da ya mutu a bayan dutse yana iya gurɓata shi duka kafin gari ya waye. Kuɗin sayen ƙaramin akwati kaɗan ne, amma kulawar da yake ci ta fi yawa, kulawa kuwa albashin ma'aikaci ce.

Zafi da lantarki

Murjani da kifin da ke zaune tare da shi suna son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, ba tare da hawa da sauka ba. A Turai da Amurka mai kiwo yana sayen na'urar ɗumama ruwa. A Lafiya, inda zafin rana kan haura digiri 35 a watannin Fabrairu zuwa Afrilu, na'urar sanyaya ruwa zai saya, wadda ta fi tsada ta kuma fi cin wuta. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage ɗumi kaɗan, amma tana ƙara saurin tashin ruwa.

Ga misalin cin wutar akwati mai lita 100. Fitilar LED mai wat 50, sa'o'i 10 a rana, tana cin rabin yunit. Famfunan juya ruwa masu wat 30, waɗanda ba a kashe su ko kaɗan, suna cin kusan kashi uku cikin huɗu na yunit. Na'urar kwashe datti ta hanyar kumfa, mai wat 10, tana cin rubu'in yunit. Na'urar sanyaya ruwa mai wat 150, in ta yi aikin sa'o'i 10, tana cin yunit ɗaya da rabi. Jimla kusan yunit 3 a rana, wato yunit 90 a wata. A farashin Naira 225 kowane yunit, wanda hukumar NERC ta sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya kai Naira 20,250 a wata. Mai lissafi ya sa farashin da ke kan takardar wutarsa ta yau a madadin wannan.

Sai dai babban al'amari shi ne rashin yankewar wutar. Kamfanin AEDC ne ke rarraba lantarki a Jihar Nasarawa, kuma buɗe babbar tashar karɓar wuta ta Akurba a shekarar 2022 ya inganta samun lantarki a Lafiya. Duk da haka babban layin wuta na ƙasa ya faɗi sau da dama a shekarar 2024, kuma akwatin teku ba ya jiran a gyara. Ruwan gishiri yana riƙe oksijin ƙasa da na ruwan daɗi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, ruwa mai ɗumi kuma ya fi mai sanyi ƙarancinta. Idan famfo ya tsaya a daren zafi, kifi kan fara haki cikin 'yan sa'o'i. Janareta yana bukatar mutum a farke wanda zai tayar da shi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin shansa ya ninka. Hanya mafi aminci ita ce farantan sola da batir da inbata, waɗanda za su karɓi aiki da kansu. A lissafin gaskiya, kuɗin waɗannan yakan zarce na akwatin da duk abin da ke cikinsa, kuma su ne ya kamata a fara saye.

Makonni shida na jira

Bayan an cika akwati da ruwa da yashi da duwatsu masu ramuka, ba a sa kifi nan take. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce ko da kaɗan. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin duwatsu ne ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda ba shi da illa sosai kuma ana rage shi ta canjin ruwa. Kafin ƙwayoyin su yawaita ana ɗaukar makonni huɗu zuwa shida, ana gwada ruwa da kayan gwaji har amoniya da naitirait su koma sifiri.

Daga nan sai a sa kifi ɗaya ko biyu, a jira, a ƙara. Lita 100 ba ta ɗaukar fiye da ƙananan kifi uku ko huɗu. Wanda ya fi dacewa da sabon shiga shi ne kifin nan ruwan lemo mai ratsin fari, wanda fim ɗin Finding Nemo na shekarar 2003 ya sa ya shahara, domin tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyashe shi a gonaki. A ɓangaren murjani, ana farawa da masu laushi marasa ƙashi, a bar masu rassa da ƙashi sai akwati ya yi watanni shida zuwa shekara. Kowane sabon kifi yana bukatar zaman makonni biyu zuwa huɗu a wani akwati na daban domin a tabbatar ba ya ɗauke da cuta, musamman da yake maganin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da tagulla, ita kuwa tana kashe murjani. Wasu nau'o'in murjani masu laushi suna da dafi mai haɗari ga mutum, don haka ma'aikaci ya sa safar hannu da tabarau in zai taɓa su.

Ga mai jari, ma'anar wannan duka ita ce kuɗinsa za su kwanta na watanni kafin akwati ya yi kyan da za a nuna wa abokin ciniki.

Doka da takardu

Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a shekarar 1975 domin tsara cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Ta kuma kafa doka mai lamba 11 ta shekarar 1985 a kan wannan batu, aka yi mata gyara a shekarar 2016. Dukkan murjani masu ƙashi suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar, wato ba a fitar da su sai da takardar izini daga ƙasar da suka fito. Kafin ya tura ko kwabo, mai sayo kaya ya tuntuɓi Sashen Kula da Harkokin Kifi na Tarayya da hukumar NAQS mai binciken lafiyar dabbobi da tsirrai a tashoshin shiga ƙasa. Kayan da aka tsare a filin jirgi saboda rashin takarda, in mai rai ne, ya halaka.

Su ma ƙasashen da ke sayarwa sukan rufe ƙofa ba zato. Fiji ta hana fitar da murjani a ƙarshen shekarar 2017, Indunusiya kuma ta dakatar da nata daga watan Mayun 2018 har zuwa farkon 2020, abin da ya sa kaya suka yi ƙaranci farashi ya tashi a kasuwannin duniya.

Ina ribar take?

Sayar da akwati ciniki ne na sau ɗaya. Kuɗin da ke shigowa wata-wata yana cikin yarjejeniyar kulawa, inda otal ko banki ko asibiti ko wani attajiri zai riƙa biya domin a zo kowane mako a canja ruwa, a gwada shi, a goge gilashi, a kawo abinci. Matatar ruwa da kayan gwaji da babur da albashin ma'aikaci, kuɗinsu ɗaya ne ko akwati ɗaya ake kula da shi ko goma. Alal misali, idan waɗannan kuɗaɗe na dindindin sun kai Naira 150,000 a wata, kuma kowane akwati yana barin Naira 25,000 bayan an cire gishiri da abincin da ya ci, to sai an sami akwati shida kafin a mayar da uwar kuɗi, riba kuma daga na bakwai take farawa. Tambayar da ɗan kasuwar Bukan Sidi zai yi wa kansa ita ce, shin akwai mutum bakwai a Lafiya da za su iya biya, kuma suna da wutar da ba ta yankewa? In babu, kasuwarsa tana Abuja da Karu, kuma dole ya ƙara kuɗin zirga-zirga. Wajibi ne kuma yarjejeniya ta fayyace a rubuce wanda zai ɗauki asara idan kifi suka mutu saboda yankewar wuta a wurin abokin ciniki.

Hanya ta biyu ita ce dashe. Kamar yadda manomin rogo ke sare kara ya dasa, haka ake yanke guntun murjani a manna shi a kan ɗan dutse, ya girma ya zama sabo. Wanda ya kai ga wannan mataki ya fara samar da kaya a cikin gida, ya rage dogaro da dala da jirgin sama. Amma sai wanda ya riƙe akwati lafiya na tsawon shekara ɗaya ko biyu ke kaiwa nan.

Kifin da ke ƙofar gida

Akwai wani ɓangare na wannan kasuwa inda Nijeriya ke sayarwa maimakon saye. Shekaru da yawa ana fitar da kifin ado na ruwan daɗi daga Legas zuwa Turai da Amurka da Asiya. Daga cikinsu akwai dangin miligi mai dogon baki kamar hancin giwa, da gartsa, da ƙurungu, da minjirya, da talibambam, kifayen da masuntan kogin Binuwai suka sani tun suna yara, kogin da ya bi ta kudancin Jihar Nasarawa. Ƙananan da masunci ke rainawa saboda ba su isa miya ba, su ne masu akwatin gilashi ke nema.

Akwatin ruwan daɗi ba ya bukatar gishirin waje, kuma kifayen ƙasar nan sun saba da ɗumin ruwanta, wasunsu ma, kamar gartsa, suna shaƙar iska kai tsaye idan oksijin ya yi ƙaranci. Darussan kuwa iri ɗaya ne: jiran ƙwayoyin bakteriya, gwajin ruwa, keɓe sabon kifi, ɗaure kaya domin tafiya, da riƙe abokin ciniki. Ilmin ma yana kusa. Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, kusa da Lafiya, tana koyar da kiwon kifi, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Lafiya, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta Jihar Neja. Hukumar NEPC ita ce ke yi wa masu fitar da kaya rajista.

Saboda haka matakan da suka dace da ɗan kasuwar Lafiya guda huɗu ne, bisa wannan jeri. Na farko, ya kafa sola da batir, ya tabbatar sun riƙe famfo na tsawon dare ba tare da taimakon kowa ba. Na biyu, ya yi shekara guda yana kula da akwatunan ruwan daɗi, ya horar da ma'aikaci, ya tara abokan ciniki. Na uku, ya kafa akwatin teku guda ɗaya wanda bai gaza lita 100 ba a wurinsa, da kuɗin da zai iya jure rasawa, ya rubuta duk abin da ya kashe, musamman a watannin zafi. Na huɗu, sai bayan akwatin ya tsallake watan Maris lafiya sa'an nan ya karɓi kuɗin wani. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ribar da ya tara da ƙwarewar da ya samu a kan kifin Binuwai, su ne za su ɗauki nauyin gwajin kifin teku.